Tukunyar da Ba Ta Son Garwashi

Tun da aka kawo Baba Dzarma Maiduguri daga ƙauyensu na bayan Biu, bayan rasuwar matarsa, abinci ya zama abin faɗa a gidan ɗansa Jona. Ba faɗan baki ba, don tsohon ba mai hayaniya ba ne. Za a ajiye masa kwano, ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya mayar da murfi ya tura gefe. Shi ke nan fa. Wannan turawar kuwa ta fi zagi ciwo a wurin Ketura, matar Jona, don ita ce ke tashi tun duhun asuba ta dafa.

Da wandonsa ya fara zamewa har sai ya ɗaure da igiya, suka kai shi asibiti. Likita ya duba shi sama da ƙasa, ya cire tabarau ya ce, "Ba shi da ciwon da zan rubuta wa magani. Yunwa ce. In bai koma cin abinci ba, kafin damina ta sauka ba zai iya tashi da ƙafarsa ba."

Yunwa! A gidan da ake ɗora tukunya kullum! Ketura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A cikin keke napep, a hanyar komawa, ta daure ta tambaye shi, "Baba, don Allah me ke damun abincin nawa? Gishiri ne? Yaji ne?"

"Abincinki ba laifi, 'yata," in ji shi. "Sai dai ku mutanen gas, tsorata abinci kuke yi, ba dafa shi ba. Wake yana so a bi shi a hankali. Ni kuma kin ga bakin." Ya buɗe mata dasashi, kusan fayau.

A hankali! A ina za ta samo hankalin? Makarantar da take koyarwa tana can Limanti, su kuma suna bayan Polo. Kafin rana ta fito ta bar gida da 'yarta Praise, in an tashi kuma ga lesin, sai dab da magariba take dawowa, ƙafafu a kumbure. Jona akawu ne a wani kamfani, shi ma ba a ganinsa sai duhu. Sau ɗaya ta sulale da tsakar rana don ta dama wa tsohon kunu, shugabar makaranta ta kira ta ofis ta gaya mata a fili cewa masu neman wannan aikin sun fi gashin kanta yawa. Ta gwada zuba abinci a kula, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Maƙwabciyarsu Hussainatu, matar wani dillalin shanu, takan miƙo masa kunu da hantsi, ya kurɓa sau biyu don kunya ya ajiye.

Ana cikin haka Florence, ƙanwar Jona da ke Abuja, ta aiko da kwali ta hannun direba. Da aka buɗe sai ga wata gangar ƙarfe mai wayar lantarki, a cikinta baƙar tukunya mai nauyi irin ta tangaran, da murfin gilashi. Saƙonnin murya suka biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

"Maman Praise, wannan ita ce maganin matsalarki. Ki zuba komai da safe, ki kunna, ki tafi aikinki. Tana dafawa a hankali har ki dawo. Ki gwada cinyoyin kaza da karas da dankalin turawa. Ko naman rago da tumatir. Amma kada ki kuskura ki ɗora ta cikin a kan wuta, fashewa take yi."

Ketura ta ja tsaki. Kaza! Naman rago! Florence ta ɗauka kullum Kirsimeti ake yi a Maiduguri. Amma kalmar nan "a hankali" ta tsaya mata a rai. Ranar Asabar ta shiga Kasuwar Kifi ta Baga Road ta zaɓo banda mai kyau, ta sayo wake da yakuwa, ta kai gyaɗa aka markaɗa.

Ranar farko ta zuba komai, ta jona, ɗan jan ido ya kama a jikin gangar, ta fita da murna. Ashe ko bakin titi ba ta kai ba aka ɗauke wuta. Da ta dawo, zafin garin nan ya gama da waken, ya yi tsami yana kumfa. Awakin Hussainatu ne suka ci daɗi. Rana ta biyu ma haka, sai dai wannan karon waken ya fara laushi kafin a yi masa tsiyar. Jona ya ce, "Ki haƙura da abin nan, an yi shi ne don garin da ke da wuta." Ta ce masa in yana da wata dabarar ya kawo, in ba shi da ita ya yi mata shiru.

Sai ga wata Laraba, ko mantawa masu ba da wuta suka yi oho, aka bar wuta tun safe har yamma. Tun daga ƙofar gida ƙamshi ya tare ta. Waken ya narke, bandar ta saki jiki ta shige cikinsa, yakuwa da gyaɗa sun haɗe sun yi kauri. Ta zuba a kwano, ta kai masa, ta koma bakin ƙofa ta yi kamar tana kakkaɓe takalmi.

Baba Dzarma ya buɗe. Ya leƙa. Bai mayar da murfin ba. Ya ci, ya ci, ya suɗe yatsu, sannan ya ɗago kwanon ya ce, "Akwai saura?"

Ketura ta shiga kicin ta yi kukanta tukuna, sannan ta ƙaro.

A yammacin nan ya yi maganar da bai yi ba tun zuwansa. Ya ce haka marigayiya take yi. Da safe kafin su tafi gona sai ta tona toka, ta zaunar da tukunyar ƙasa a cikin garwashi, ta rufe gindinta da toka, su kama hanya. In sun dawo da yamma, wake ya zama kamar man shanu. Ya sa aka kawo masa baƙar tukunyar bayan an wanke, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ai irin ta uwarku ce," in ji shi. "Ina garwashin yake?"

"Yana cikin waya, Baba."

Ya girgiza kai yana dariya. Wallahi har dariya ya yi.

Daga nan cikin tsohon ya koma hannun masu ba da wuta. Ranar da suka ga dama, ya ci ya ƙoshi, har ya fita tsakar gida ya zauna. Ranar da ba su ga dama ba, awaki su ci, shi ya kwana da ruwan shayi. Ketura ta canza masa hannu iya iyawarta: yau wake da banda, gobe faten tsaki da kabewa, wata rana ƙashin saniya da kuɓewa busasshiya. Duk wanda ya samu wuta ya nuna, ya ci. Hussainatu ta ce mata yini yake a kan kujera gaban tukunyar, yana gadin ɗan jan idon nan. In ya mutu sai ta ji shi yana cewa, "Kai, kai, kai," kamar wanda akuya ta shiga gonarsa.

Sai aka shiga watan zafi, wuta ta tafi gaba ɗaya. Kwana da kwanaki babu ko ƙyas. Wasu suka ce tiransifoma ce, wasu suka ce daga sama ne, kowa da nasa. Ɗan naman da Baba ya fara mayarwa ya zube, har ya fi da. Zuwa bayi ma sai ya dafa bango. Ketura takan tsaya ta kalli gangar ƙarfen nan ta ji kamar ta ɗauke ta ta maka da ƙasa.

Wata safiya tana ɗaura ɗankwali za ta fita, fanka ta motsa. Yaran unguwa suka kaure da ihu. Ta watsar da jaka, ta wanke wake a gurguje, ta ɓare bandar da ta rage, ta zuba, ta jona. "Baba, yau za ka ci," ta ce. Ya ɗaga mata hannu daga kan kujera, idonsa a kan jan idon.

Da ta dawo da yamma ba ƙamshi ne ya tare ta ba, ƙauri ne. Hussainatu na tsaye a tsakar gida ta riƙe haɓa. Murhun gawayin da Ketura ke ajiyewa bayan ƙofa yana tsakiyar fili, toka ta jiƙe sharkaf. Baƙar tukunyar ta rabe biyu, rabi a kan murhu, rabi a ƙasa. Baba Dzarma na durƙushe, hannunsa na dama naɗe da tsumma, yana tsince wake daga cikin toka da na hagu, yana zubawa a murfin gilashin.

"Da hantsi aka ɗauke," in ji Hussainatu, murya ƙasa ƙasa. "Ya zo ya ce in sam masa garwashi. Wallahi Maman Praise, na ɗauka turare zai yi. Sai ɗazun nan na ji ƙara, tas!"

Wa zai yi tunanin gaya masa ba a ɗora ta a wuta? Mutumin da tsawon rayuwarsa ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba? Gajiyar yini, da zafin rana, da kwanakin nan na babu wuta, duk suka taso wa Ketura lokaci guda, bakinta ya riga ta.

"Haba Baba! Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa? Abu ɗaya tak da ya rage mana!"

A gaban maƙwabciya. Ga surukinta, uban mijinta. Tana rufe baki ta san ta yi ɓarnar da ta fi ta tukunya.

Tsohon bai ɗago ba. Ya ajiye waken da ke hannunsa a hankali.

"Na ga ya fara laushi," ya ce. "Na ce kada awaki su sake cinye wahalarki. Ta uwarku tana son garwashi." Ya dafa bango ya miƙe, ya shige ɗaki.

Ta bi shi ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce babu komai. Jona ya dawo ya ba shi haƙuri, ya shafa masa magani a ƙunar. Ya ce babu komai. Ai da ya yi faɗa da ya fi.

Ta zagaye kasuwa da fasasshiyar tukunyar a buhu, shago bayan shago. Wasu ma ba su taɓa ganin irinta ba. Wani ya ce ta sayi tukunyar shinkafa ta lantarki, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Florence ta ce ba a sayar da ta cikin ita kaɗai, kuma ai ta faɗa, ta faɗa da bakinta kada a ɗora a wuta. Ketura ta kashe wayar ba ta ji ƙarshen maganar ba.

Ranar Lahadi bayan coci ta shiga Yerwa, cikin tsohon gari, ta sayo tukunyar ƙasa ta gaske. Ta san ba ta kullum ba ce, don mai gidan hayar ya hana barin wuta babu mai tsaro, Hussainatu kuma ta tsorata, ta ce ba ruwanta. Amma yau dai tana gida. Ta hura gawayi, ta zaunar da tukunyar, ta rufe gindinta da toka yadda ya kwatanta, ta zauna a kanta har la'asar sakaliya. Waken ya yi kyau. Ita kanta ta san ya fi na ranar Larabar nan.

Ya buɗe. Ya leƙa. Ya kai loma ɗaya don kada ta ji kunya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki ba Praise."

"Baba, don girman Allah."

"Na zo gidan ɗana na fasa tukunyar matarsa," ya ce, a natse, kamar yana ba ta labarin wani. "A garinmu ko yaro ya yi haka ba ya zama a ci da shi ranar. Balle ni. Ki gaya wa Jona ya nemi mota, ina so in ga gida."

Gidan da babu kowa a cikinsa sai kabari. Ya mayar da murfin, ya tura kwanon gefe.

Washegari Litinin. Ta dama kunu ta ajiye masa a gefen katifa, ta san yadda za ta tarar da shi. Yana kwance, fuskarsa a bango, kafaɗarsa ta fito ta cikin riga. Praise na bakin ƙofa da jaka tana cewa, "Mama, za mu makara." Mai keken da ke ɗaukarsu yana ta danna hon a waje.

Sai fanka ta motsa. Yaran unguwa suka kaure da ihu. A kan tebur, gangar ƙarfen da ta manta a jone ta buɗe ɗan jan idonta, ta fara ɗumama cikinta da babu komai.

"Baba, an kawo wuta," in ji Ketura, don ba ta san abin da za ta ce ba.

Bai juyo ba.

Ta zare wayar, ta ɗauki jakarta, ta ja ƙofa. Ranar kuwa, Hussainatu ta gaya mata daga baya, wutar ko ƙiftawa ba ta yi ba har magariba.