Kujerar Ranar Talata

Shekara tara Yaya Mahmuda yana gasa tsire a wani tsibiri can tsakiyar teku, bai taka Kurfi ba. Ba mu ga laifinsa ba, don jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a wata, shi ma sai teku ta ga dama. Da aka buɗe musu filin jirgin sama bana saboda 'yan yawon buɗe ido, Inna, mahaifiyarmu, har guɗa ta yi tana kwance ba lafiya. Duk Talata jirgi na tashi, kwana biyu ɗanta ya iso gida.

Ya kuwa sami kujera. Saura kwana biyar ya taso, ya kira ni muna asibiti a Dutsin-Ma, Inna ko kunu ba ta iya haɗiyewa.

"Surayya, ya jikin Inna? Baƙi sun cika garin nan, nama ba ya kai la'asar. In da sauƙi, in ƙara wata guda."

Kawu Bilya, ƙanen Inna, yana tsaye a kaina, ya zare min ido. A gidanmu ba a faɗa wa na nesa gaskiyar ciwo, wai kada a tada masa hankali a ƙasar mutane. Ni kuma na bi kamar tunkiya. Na ce ta ci tuwo, har ta zauna. Yaya ya yi hamdala, ya je ya mayar da kujerarsa.

Ran Lahadi likita ya ce mu kai ta gida mu ci gaba da addu'a. A cikin motar Kurfi na kira Yaya ina kuka, Kawu na ji, ko a jikina.

"Ƙarya na yi maka! Inna tahiya za ta yi, ka taho!"

Ya ruga filin jirgi da jakarsa, a zatonsa tashar mota ce, a matsa a ba shi gefe. Babu wuri sai bayan sati biyar. Masu zuwa kallon kunkuru da kwanciya a rairayi sun kama kujerun tun ba su baro ƙasashensu ba. Jirgin ruwan kuma ya daina zuwa tunda na sama ya fara. Ya roƙi ma'aikata, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka ci tsirensa. Babu wanda ya tashi masa.

Ran Talata ya kira daga bakin shingen filin, na kara wa Inna wayar a kunne. Sai ga ƙugin jirgi yana tashi.

"Mahmuda," in ji Inna da ƙyar, "jirgin naka ne wannan?"

Sai Yaya ya amsa mata:

"Shi ne, Inna. Ga ni nan tahe."

Ta yi murmushi, ta ce a share masa ɗaki, a kirɓa fura kafin Alhamis. Na share, na kirɓa, ina jin haushin kaina kamar in mutu.

Ran Alhamis bayan azahar aka kai Inna makwancinta. Furar, masu zuwa gaisuwa ne suka sha.