Rediyon Baba Ya Sauko Falo

Wata uku bayan rasuwar mahaifiyarmu na samu na lallaɓo Baba ya dawo gidana da zama. Na ba shi ɗakin sama, wanda daga silin sai kwano. Ban yi dabara ba. Da rana ta take, ɗakin nan sai ka rantse gidan burodi ne. Ga Baba ba ya saukowa, ko abinci a can yake ci, daga shi sai rediyonsa.

Sati biyu kacal ya nuna mini jakarsa a ɗaure.

"Uwata, kawo ni kika yi ki gasa? Ranar Asabar zan koma gidana."

Gidan da ba kowa sai ƙadangaru! Na ruga wajen kafintan layinmu, wani mai tumbi da ba ya rabo da fensir a kunne.

Washegari ya zo da takardun alminiyam masu ƙyalli kala uku, ya shimfiɗa a tebur. Ya ce kwano in ya sha rana, feso zafi yake yi ƙasa, ita kuma takardar sai ta mayar masa da abinsa. Na ja ta farko, ta yage kamar jarida. Ta biyu ba ta da huji ko ɗaya.

"Ɗauki ta ukun nan, ranki ya daɗe," in ji shi. "Akwai zare a cikinta, ga ƙananan huji, damshi ya samu hanyar fita."

Maigidana, da ko ƙusa bai taɓa bugawa daidai ba, ya ce a manna ta jikin kwano a huta.

Kafinta ya ce, "Haba, yallaɓai! In ta taɓa kwano ai sun haɗa baki. Sai an bar tazarar yatsu biyu, ƙyallin ya kalli iska."

Ya buɗe silin, ya bi katakan rufin yana kafe ta, ya bar kafofin shan iska a buɗe. Bangon da rana ke duka da yamma ma ya yi masa. Ranar Laraba da azahar na hau sama, na tarar da Baba yana barci, har da munshari. Na sauko ina rawa a matakala.

Murnata ba ta kai la'asar ba. Rediyo ya daina magana, sai shuuu. Ashe takardar ta tare zafi, ta haɗa da tasha. Baba ya rungumi rediyo yana bin kusurwa-kusurwa yana faɗa, har ya sauko matakala. Yana isa tagar falo, murya ta fito tar. Dole ya zauna. 'Yan matana biyu suka ɗare cinyarsa, aka kawo abinci, ya sa hannu tare da mu yana gyara wa mai karanta labarai magana.

Ranar Juma'a na kira kafinta a ruɗe kan batun rediyon, don gobe ce Asabar.

"Wannan ai aikin minti biyar ne," ya ce. "A ɗaura waya a eriya, a zura ta taga."

Baba ya harare shi ta saman tabarau. "Shekara arba'in ina gyaran rediyo, kai za ka koya mini waya? Bar shi. A nan ya fi kamawa."

Kafinta ya kalle ni, ya sosa ƙeya da fensir, ya yi sallama.

Da safiyar Asabar na hau share ɗakin. Kayan Baba duk sun koma kwaba, jakar tana rataye a ƙusa. Na leƙa ciki. Ba komai sai naɗin wayar eriya, doguwa, ko warware ta bai yi ba. Na tsaya ina dariya, hawaye na zuba.

Daga ƙasa na ji muryarsa: "Uwata! Ki sauko, an fara labarai."