Boris ɗin da Ke Aljihun Illo

Tun kafin Safiyatu ta zo gidan Illo, akori-kurar nan take ƙofar gidansu a Sabon Birni. Tsohuwar Fijo ce da ya gada wurin mahaifinsa, da ita yake kai gero kasuwa. Da kik ɗinta ya fara gurnani ya daina juya inji, Illo ya kwance shi, ya ce boris ɗin ciki ne ya cinye. Ya hau motar haya zuwa Isa ya sayo sabo. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su. Da aka kawo gawarsa, a aljihun rigarsa aka tarar da boris ɗin, ɗan zoben ƙarfe ƙulle cikin leda.

Safiyatu na fita takaba, Wakili ƙanin mijinta ya shigo da maganar 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

"Matar yaya, motag ga ta mutu. Su auna ta, a zuba kuɗin cikin gado a huta."

"Kai ka yi mata salla?"

"Mota da sai an tara unguwa an tura?"

"Kai ma sai an tura ka kake zuwa gona, ba a kai ka sikeli ba."

Wakili ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A gaban Alhassan rewaya, mai gyaran wutar mota kuma abokin marigayi, ya ce ya riga ya kira su, bayan la'asar za su zo. In motar ta tashi da makulli kafin su sa mata hannu, ba turi, a sa ta cikin rabon Safiyatu da 'yarta. In ba ta tashi ba, a yanka.

"Malam Alhassan, ka dai ji," in ji ta.

Alhassan ya shimfiɗa buhu a zaure, ya baje kayan kik, ya wanke su da fetur. Tsohon boris ya fito da sauƙi, ya sha duniya har ya yi sako-sako. Sabon kuwa ya tsaya a bakin ramin murfin kik ɗin, ya ƙi shiga. Alhassan ya danna da yatsa, ya danna da icce. Rana ta karkata.

"Ka ba shi guduma mana," in ji Wakili.

"Murfinga ya tsufa. In ya tsage, ko Sakkwato ba a samun irinai." Duk da haka Alhassan ya miƙa hannu wajen gudumar, don babu wata dabara a gabansa.

"Aje ta," Safiyatu ta ce daga ƙofar ciki.

Ita ba ta san sunan ko ƙarfe ɗaya a cikin injin ba. Abin da ta sani faɗan da suka sha yi da Illo ne. Duk ranar da take suyar gyaɗar sayarwa, sai ya lallaɓo ya tura wani ƙarfe cikin rairayinta mai zafi, ya jefa wani a randar ruwan sha. Ta yi ta masifa cewa gyaɗarta za ta yi warin gareji, shi kuwa ya ce, "Zafi na buɗa ƙarfe, sanyi na tsuke shi. Ke ma haka nike lallashinki."

Ta hura wuta, ta ɗora kaskon da ba ta taɓa ba tun rasuwarsa. Ta binne murfin a rairayi. Boris ɗin kuma, da ledarsa, ta sake shi cikin randa.

"Yau kuma tuwon ƙarfe za mu ci?" Wakili ya leƙo.

"In ya nuna za ni zuba maka, haƙoranka dai."

Aka kira la'asar, maza suka tafi masallaci. Ta zauna ita kaɗai tana juya rairayi, hawaye na ɗiga yana ƙonewa a gefen kasko. Ba ta share ba.

Suna dawowa ta tono murfin da tsumma, ta kakkaɓe, ta goge ramin tas, ta tsamo boris daga randa, ta ruga zaure. Alhassan ya kwance ledar ya ɗora boris a baki. Da ɗan taɓi na ƙotar icce ya zame ciki, ya zauna daram.

Yana ƙarƙashin mota yana ɗaure kik ɗin 'yan gwangwan suka iso da sikelinsu. Alhassan ya fito, ya haɗa batir, ya shiga ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Kik ya ja, inji ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama. Ƙarar da take ji daga madafa kowace safiya ce. Safiyatu ta dafa ƙofar motar.

"Kashe ta, Malam."

Ya kashe.

"Sake tashe ta. Ƙanin mijina kunne ɗaya gare shi."

Ta sake tashi. Wakili ya gyara hularsa, ya dubi ƙasa.

Safiyatu ta shiga zaure ta ɗauko tsohon boris ɗin daga kan buhu, ta aza shi a kan sikelin babban cikin 'yan gwangwan.

"Ku auna wanga. Shi kaɗai ya mutu a gidan Illo."