Lambar da Ke Jikin Bango

Ranar Talata 'yar Kafinta ta yanke a yatsa. Ranar Laraba da hantsi uwarta ta kira.

Kafinta yana tsaye a shagonsa, fensir a bayan kunne, ya maƙale wayar tsakanin kafaɗa da kunci. Shekara biyu ke nan da rabuwarsu, kuma tun da alƙali ya bar yarinyar a hannunsa, tsohuwar matar tasa ba ta kiransa sai da dalili.

"Ya yatsan?" ta ce, ko sallama babu.

"Wane yatsa?"

"Na hagu. Wanda zarto ya yanka da ka tafi sayen ƙusa ka bar 'yar shekara bakwai ita kaɗai cikin ƙarafa. Minti ashirin da uku, Malam. Na rubuta."

Ta kashe wayar. Ya daɗe yana kallon katakon da ke gabansa, ya manta ko tsawo yake aunawa ko faɗi. Saura kwana goma sha biyu su koma kotu, domin ta nemi a sake duba riƙon yarinyar. Yankan bai kai a kira shi rauni ba, ɗan ƙyalle ma ya tsayar da jinin. Amma wa ya ƙirga mata mintocin?

A gida mutum uku ne kawai: shi, da yarinyar da yake kira Uwata, da yayarsa wadda ta dawo wajensu bayan rasuwar mijinta. Da azahar ya same ta a tsakar gida tana shanya, ya tsaya yana kame-kame, daga baya ya fito da abin da ke cinsa.

"Yaya, kina magana da ita ne?"

Ta juyo da jiƙaƙƙen zane a hannu. "Da wa?"

"Kin san wadda nake nufi."

"Ni? Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta? Tsufa ne ya zo maka da wuri, ko ƙarar zarto ce ta taɓa maka kai?" Ta yarfe zanen da ƙarfi har ruwa ya fantsar masa a fuska. "Ina ɗaki ina fama da gwiwata lokacin da abin ya faru. In kana neman munafukin gidan nan, ga shi can a kwance, mai ido ɗaya."

Ta nuna da haɓa. A kan tabarma kwamfutar hannun yarinyar take, cikin rigarta ta roba mai kunnuwan zomo. Uwar ce ta saya mata, alƙali kuma ya ce duk Asabar za su yi magana ta cikinta suna ganin juna. Ko'ina Uwata za ta je da ita take tafiya, har shago. Kafinta ya ɗauka. Tun safe ba wanda ya taɓa ta, amma bayanta da ɗumi kamar an tashi daga kai yanzu.

Shagon mai gyaran waya ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Mai gyaran ya tura tabarau saman goshi, ya yi ta latse-latse, can ya yi ɗan fito.

"Maigida, baƙo gare ka a gida, ba ka ba shi ko ruwa ba."

"Yi mini bayani yadda zan gane."

"Akwai wata manhaja a ɓoye, ba ta da hoto a fuska balle ka gan ta. Tana ji, tana faɗin inda kuke, tana aikawa. Shi ya sa take ɗumi, caji kuma ba ya zama. Kai ka yi barci, ita ba ta yi."

Kafinta ya tuna duk abin da ya taɓa faɗa a gaban abin nan: ranar da ya daka wa yarinyar tsawa, ranar da ya zagi dangin uwarta kaf, ranar da ya zauna a bakin gado ya ce wa yayarsa ya gaji. Ya dubi mai gyaran.

"Goge ta. Goge komai."

Mai gyaran ya wanke na'urar tas, ya buɗe sabon asusu, ya haɗa lambar sirri mai tsawo, haruffa da lambobi a cakuɗe. "Ban sa sunanta ba, ban sa ranar haihuwarta ba, don uwa ta fi ka sanin waɗannan. Duk wanda ya riƙe lambar nan ya riƙe ƙofar gidanka, daga nesa ma zai iya mayar da baƙon. Ka haddace. Ko matashin kanka kar ya ji."

"Kaina ba ya riƙe lamba."

"To miƙo hannu."

Ya rubuta masa a tafin hannu da biro. Kafinta ya taho yana maimaitawa, amma kafin ya iso shago gumi ya fara cinye haruffa biyun ƙarshe. Sai ya yi abin da ya shekara talatin yana yi. Bangon shagonsa shi ne littafinsa. Awon ƙofar wane, faɗin gadon wance, lambar mai kawo katako, ranar da za a zo ɗaukar kujeru, duk suna nan da fensir, wani kan wani, tun daga ƙugu har inda hannu ya kai. Takarda tana ɓata, bango ba ya zuwa ko'ina. Ya sami fili kusa da taga ya rubuta lambar da manyan baƙi, ya zagaye ta sau biyu kamar yadda yake wa awon da ba a son kuskure, ya sa "ta Uwata" a sama. Sannan ya wanke hannunsa da sabulu.

Da ya kira lauyarsa ya ba ta labari, sai ta ce, "Ka goge? Kash, Malam. Shaidarmu ka goge. Yanzu in na ce tana leƙen gidanka, alƙali zai ce ina hujja." Ta ƙara da cewa kada ya kuskura ya hana kiran Asabar, don abin da ɗaya ɓangaren ke jira ke nan.

Duk da haka kwana biyu ya sha iska. Na'urar ta yi sanyi, caji yana kwana. Ya kafa ƙusoshi can sama ya rataye zartuna da duk wani abu mai kaifi, ya share dusar katako har lungu.

Ranar Asabar yayarsa ta tafi asibiti a duba gwiwarta, don haka a shago kiran ya same su. Yana bakin ƙofa yana goge ƙafar tebur, yana jin muryar uwar tana fitowa a tausashe.

"'Yar albarka, nuna mini shagon Babanki mana, na daɗe ban gani ba."

Uwata ta miƙe da murna, ta ɗaga na'urar da hannu biyu tana juyawa.

"A hankali, kar ki sa ni jiri. Kai, an yi shara! Wancan fa, wajen taga? Matsa kusa, idon Mama ya fara tsufa. Tsaya nan. Yauwa. Kar ki motsa."

Kafinta har murmushi ya yi. Ta gani da idonta, ya ce a ransa, ta ga inda zartuna suke yanzu, ta je ta gaya wa alƙali.

Ranar Litinin da rana Uwata ta dawo daga makaranta ta ce, "Baba, cajin ya ƙare kuma, ban ma yi wasa ba."

Ya ajiye guduma ya karɓa. Ɗumin nan ya dawo. Ya jona ta da wuta, ya shiga inda mai gyara ya nuna masa, ya juya wajen taga don ya kwafi lambar. Ya sa ta harafi bayan harafi. Na'urar ta ce ba daidai ba. Ya sake, yana bin bangon da yatsa. Ba daidai ba, an canza ta kwana biyu da suka wuce.

Yatsansa yana kan bangon har yanzu. Ya dubi zagayen fensir ɗin nan biyu, ya dubi inda yarinyar ta tsaya ranar Asabar, taku uku daga nan, hasken taga yana zuba a kan rubutun. Ya dafa teburin aiki.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne daga uwar yarinyar, layi ɗaya: "Rubutunka bai canza ba, Malam."

Bai san lokacin da gudumar ta dawo hannunsa ba. Na'urar tana kwance a kan katako, idonta ɗaya yana kallon rufi. Bugu ɗaya zai isa. Uwata ta ja baya ta manne da ƙofa, ta sa yatsan nan mai ƙyalle a baki.

"Baba, ni ce na yi laifi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna ba su biyu ba ne a shagon. Duk abin da ya faɗa, da ƙarar duk abin da ya fasa, da kukan da zai biyo baya, akwai mai rubutawa da minti. Ya sauke gudumar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba. Ya girgiza wa yarinyar kai, ya ɗora yatsa a leɓe.

Bai kashe na'urar ba, bai goge komai ba. Ya naɗe ta cikin tsohon tawul, ya sa a jakar kayan aiki, ya ja ƙofar shago ya datse kwaɗo. Ofishin lauya yana da nisa, sai an wuce kasuwa an haye gada. Ya kama hannun Uwata suka bi gefen titi, jakar tana bugun cinyarsa, ɗuminta yana ratsa tawul.

Mai shagon kusa ya ɗaga murya, "Kafinta, ina zuwa da rana tsaka haka?" Ya ɗaga masa hannu kawai.

Sun kusa gada Uwata ta ja hannunsa, ta yi ɗage, ta kawo bakinta daidai kunnensa.

"Mama tana jin mu yanzu?"

Ya gyaɗa kai.

Ta dubi jakar. Sannan ta sake shi ta zagaya ɗaya gefen, nesa da ita, ta kama hannunsa na hagu. Saura kwana bakwai. Suka hau gadar, ba mai cewa komai.