Taliyar da Hidaya Ta Kawo

Mamuda ya yage murfin kofin gaba ɗaya, ya leƙa ciki. Busasshiyar taliya ce a nannaɗe, da 'yar leda mai jan gari, da wasu ƙananan abubuwa a warwatse. Ya tsinto ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Jatan lande ne, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Shekara arba'in yana kamun kifi a gulbin Gummi, bai taɓa ganin mai ƙanƙanta irin wannan ba.

Zaren gyaran komarsa ta kamun kifi ya shiga nema a ɗakin matarsa Luba, wadda ta tafi Bukkuyum jinyar yayarta. A ƙasan akwatinta ya tarar da kofin, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Yana gani ya gane shi.

Bara ne 'yarsa Hidaya ta zo hutu daga Koriya, inda take karatun noman shinkafa. Ta same shi a zaure cikin abokan sana'arsa, ta durƙusa ta miƙa masa kofin. Ta ce mai ɗanɗanon kayan teku ne, ta zaɓo masa don ya ji kifin da ba na gulbi ba, kuma ta bincika, halal ne. Tasi'u, wanda suke shiga jirgi ɗaya, ya yi dariya, ya ce ashe yanzu 'yar masunci a kofin takarda take kawo kifi gida. Sauran suka taya shi. Kunya ta kama Mamuda. Ya ture kofin da ƙafa, ya ce wa ya san abin da ake ci a can, wa kuma ya san abin da ita kanta ta koma.

Ta ɗauki kofin ta shige ciki. Sauran kwanakinta tara ta gaishe shi safe da yamma, ba ta ƙara ko kalma a kan gaisuwa ba. Tun da ta koma, Innarta take kira, ta ce a gaida Baba.

Ya ɗora ruwa a kan gawayi, ya zauna a gindin darbejiya yana jujjuya kofin. Rubutun jikinsa duk sanduna ne da 'yan da'ira, ko harafi ɗaya bai gane ba. Ruwan ya tafasa, ya sauke, ya sake mayarwa. Daga ƙarshe ya ciro waya ya nemo lambarta.

"Baba? Lahiya? Wani abu ya samu Inna?"

"Lahiya lau take. Taliyar nan ce da kinka kawo. Ban san yadda ake dahwa ta ba."

Ya duba wayar ko ta yanke. Sannan ta fara yi masa bayani a hankali. Ta ce ya buɗe murfin rabi kawai. Ya ce ai ya riga ya yage shi duka. Ta ce ba komai, ya nemo faranti. Ya juye jan garin a kan taliyar, ya zuba tafasasshen ruwa har inda wani layi yake a cikin kofin, ya rufe da farantin. Minti huɗu, in ji ta, kada ya buɗe.

Suka zauna jira, kowa riƙe da waya. Wani ƙamshi mai ƙarni da yaji ya fara fitowa ta gefen farantin. Ya tambaye ta karatu. Ta ce ta gama. Makon jiya ma ta sa hannu a takardar aiki a wata cibiyar bincike a can, shekara biyar. Akwai wasu masu aikin shinkafa a fadamar gida da suka neme ta tun bara, suka jira ta har suka gaji.

"Shawararka na zo nema ranar nan a zaure, Baba. Na ce in ka ɗanɗana sai in yi maka maganar."

Mamuda ya kalli ƙafarsa. Sai ya ce Allah ya sa albarka a aikin. Ta ce amin.

Can ta tuna wani abu, ta ce ya ɗaga kofin a hankali ya karanto mata lambobin da ke ƙasansa. Ya karanto. Ta ce lokacinta ya wuce tun wata biyar, ya zubar kawai, kada ta ɓata masa ciki. Ya ce to. Ya tambaye ta ko za ta ɗauka in ya kira ranar Juma'a. Ta ce za ta ɗauka in ba ta wurin aiki.

Da suka yi sallama ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ɗage farantin. Taliyar ta kumbura ta yi laushi. Ya yi bisimilla ya sa cokali. Yajin ya kama masa harshe har ya yi tari, ya share ido da hannun riga, ya ci gaba da ci.