Zauren da Ba Shi da Rami

Shekara ashirin da biyu na yi a rami, ni Ottilie Brenneke. Aikina ke nan a ƙungiyarmu ta wasan waƙa. Ana huda dandamali ta gaba, a zaunar da ni ciki da littafi da kyandir, kaina kawai ke leƙowa, ina raɗa wa mawaƙa baitin da ke tafe. Dokar sana'ar ɗaya ce: mawaƙi ya ji ki, 'yan kallo kada su ji. Ranar da suka ji, taki ta ƙare.

Tun da muka baro Bremen, can ƙasarmu ta Jamusawa, muka shigo Amurka ba mu ga daidai ba. Kayan wasanmu sun sha ruwa a jirgin kogi, har alkyabbar sarki ta yi funfuna. Zazzaɓi ya kwantar da masu goge biyu. Babbar mawaƙiyarmu ta bi wani mai gidan giya a Cincinnati, ko sallama babu. Shugabanmu, Maigida Kolbe, ya koma kunama, kowa ya gifta sai harbi.

Wanda ya fi shan harbin shi ne Alwin Tesch, mai babbar murya, wanda ya haura sittin. Muryar na nan daram, kan ne ya soma yoyo, yana mance baiti. Kolbe ya rantse in ya ƙara yin tsit a kan dandamali, a garin za a bar shi. To ina tsoho zai nufa, a ƙasar da ko burodi bai iya tambaya da yarensu ba? Akwai kuma abin da ni kaɗai na sani: kunnensa na hagu ya mutu tun bara. In ina rami ba a ganewa, sai ya ɗan karkato da na dama.

Muka iso Davenport, wasa ranar Lahadi da la'asar. Zauren da Jamusawan garin suka ba mu na motsa jiki ne, babu rami. Mai zauren ya ce duk wanda ya ɗora zarto a katakonsa zai yaba wa aya zaƙinta. Sai Kolbe ya cusa ni bayan labule, daidai hagun Alwin, don ɗaya gefen murhu ne. Na roƙi a canza mini gefe, ya tambayi dalili. Faɗin dalilin shi ne kashe tsohon, sai na haɗiye.

Tsakiyar wasa abin ya faru. Alwin ya buɗe baki, babu komai. Na yi raɗa, bai ji ba. Masu goge suka zagayo da kiɗan sau biyu. Na ga idonsa ya sauka gaban dandamali, inda ya saba ganin kaina, yana kallon katako tsura. Wallahi tausayi ya kama ni.

Sai na rera baitin da ƙarfi. Muryata ta fito kamar ƙofa mai tsatsa, zaure ya kwashe da dariya. Alwin ya cafke, ya kai waƙarsa ƙarshe, aka yi masa tafi.

Da aka tashi na riga kowa zuwa wurin Kolbe. Na ce laifina ne, na tsallake shafi na ba Alwin baitin da ba shi ba, shi ya sa ya tsaya.

Ya ce, “Haba baiwar Allah, ke da aka ajiye don rufin asiri?” Ya miƙo hannu, na ba shi littafin.

Washegari na raka su bakin kogi. Matar wani mai burodi ta yarda in riƙa yi mata ɗinki. Kowa na ta kansa, ana cicciɓar akwatuna, ba wanda ya dube ni sai Alwin. Ya zo ya tsaya gabana da hula a hannu, ya daɗe yana kallona.

“Ashe ke doguwa ce,” in ji shi.

Daga nan leɓensa na motsi, maganar ta ƙi zuwa. Jirgi ya yi kuka. Sai na ga ya karkato mini kunnen dama, yana jira.

Na matsa na raɗa masa, “Ka ce, sai wata rana, Ottilie.”

Ya maimaita daidai, bai kuskure ko kalma ɗaya ba, ya juya ya hau jirgi.