Yatsun Mai Wanki

Na'urar tantance yatsa ta sake kunna jar fitila. Ma'aikaciyar ofishin fansho ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce kwamfuta ta nuna mai wannan suna ba ta bayyana ba.

Auta ta dubi mahaifiyarta, wadda ke tsaye a gaban teburin da babban yatsanta a kan gilashi. Ta tambaya, cikin ladabin da ta matso da ƙyar, yaya mutum zai tsaya a gabanka a ce bai bayyana ba. Matar ta ce a wurinsu yatsa ne ke bayyana, kuma duk wanda ba a tantance a wannan makon ba, za a tsayar masa da fansho a ɗauka ya rasu.

"To Allah ya jiƙaina," in ji Umma, tana goge hannu a zani.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta san hannun nan. Rayuwar Umma duk a ɗakin wankin asibitin gwamnati ta ƙare, omo da bilic sun cinye zanen yatsunta har sun yi sumul kamar bayan cokali. Da kuɗin wankin nan aka kai Auta jami'a.

Suna fitowa baranda wani mai baƙar jaka ya tare su. Ya rusuna har ƙasa, ya kira Umma Hajiya, ya ce shi ma uwarsa haka ta yi fama. Yana da ɗan'uwa a ciki. Su ba shi katin banki da wayar Hajiya kawai, kafin la'asar an gama. Umma ta fara lalube a jakarta. Auta ta riƙe mata hannu. Ta tambaye shi ta yaya ya san yatsa ne matsalarsu, alhali ƙofa a rufe take. Ya yi murmushi, ya ce ƙanwata akwai boko. Amma idonsa ya gilma ta taga, Auta kuma ta rantse ta ga ma'aikaciyar ta kau da kai da sauri.

Ta ja Umma suka koma ciki, ba ta bi layi ba. Tsofaffin da ke kan benci suka hau gunaguni, ta bar su da bakinsu. Ta ce tana so a goge gilashin a gabanta, don tun safe ba ta ga an goge shi ba. Ma'aikaciyar ta ce ba a koya mata aiki. Auta ta kama bakin gyalenta ta goge shi da kanta, har maiƙo ya fito a jiki.

"Ranar rajista yatsu goma kuka ɗauka, ina nan tsaye," ta ce. "Goman za ki gwada. In kin gaji, kira min oganki ya gwada."

Matar ta ja tsaki, amma ta danna. Ja. Ja. Hannun dama ya ƙare, Umma ta fara cewa a bari sai gobe. Auta ta jawo kujerar baƙi da ƙafa ta zaunar da ita, ta ɗago hannun hagu, ta hura wa kowane yatsa iska kafin ta ɗora.

A ƙaramin yatsa fitilar ta koma kore. Hoton Umma ya fito, da tsohuwar rigar aiki.

Ma'aikaciyar ta ce shi ke nan, suna iya tafiya. Auta ta ce ba inda za su sai an juyo da allon kwamfutar ta karanta da idonta cewa an tantance Umma. Aka juyo. Ta karanta a hankali, ta ɗauki hotonsa da wayarta, sannan ta sunkuya ta nemo wa Umma takalminta ɗaya da ya shige ƙarƙashin tebur.